Sunan Nomau da Na Binne a Kumasi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya san abin da zan faɗa tun ban ɗauki alƙalami ba. Sunana Shaibu, tela ne ni, daga wani ƙauye na ƙasar Agiye da ba zan ambata ba don kada in jawo wa dangi surutu. Shekara uku kawai na yi a lakol, wato makarantar boko, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Ido ya fara gajiya da zura zare a allura, na ga gara in rubuta wannan tun bai ƙi ganin takarda ba.

A Gaya aka fara kirana da sunan da ba nawa ba. Saura shekara biyu ƙasarmu ta sami ƴanci. Kamyon da ya ɗauko mu ya tsaya kusa da kogi, jandarma ya sauke mu ya jera, ya ce kowa ya fito da kardante, wato katin shaida, da takardar lanho ta bana. A zamanin nan wanda bai biya lanho ba, wato harajin kai, ba ya ƙetare ƙasa. Mayar da shi ake yi wurin mai garinsu da igiya a ƙugu. Ni kuwa ban biya ba. Kuɗin gyaɗar da aka ware don lanhona na zubar a caca ranar kasuwar Gazawa. Takardun da ke aljihuna na yayana ne Nomau, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Na zare su daga jakar fatar da yake ratayewa a ɗakinsa ran da ya tafi sassabe. Irin kardanten da ake ba mutanen ƙauye a lokacin babu hoto a kanta. Suna ne, da sunan uba, da gari, da askar fuska. Ubanmu ɗaya, garinmu ɗaya, wanzami ɗaya ya yi mana aska.

Jandarman ya karanta. "Nomau ɗan Arzika?"

Na ce, "Ni ne."

Ya miƙo mini ba tare da ya ɗaga kai ba. Na yi zaton in na ƙetare zan aika wa Yaya abinsa da mutumin farko da na gani mai komawa gida. Na ga masu komawa da yawa, ban aika ba, domin a kowace iyaka sai an sake tambaya.

A Jugu, cikin ƙasar Dahomai, guzuri ya ƙare. Na yi kwana tara a tashar mota ina yi wa direbobi facin wando da allurar hannu, suna biya na da ragowar teba. Nan na haɗu da Sambo, wani Bafillace daga rugar da ke bayan Gidan Sori, yana kora wa wani falke shanu zuwa Kumasi da ƙafa. Ya ji Hausata ya tsaya.

"Kaɗo, kai mutumin Maraɗi ne. Mi kake yi nan kamar kazar da aka manta a kasuwa?"

Na ce ina jiran kuɗin mota.

Ya ce, "Mota na masu kuɗi. Ka riƙe sanda ka bi saniya, ita ta san hanya."

Na bi su. Sokode, Yandi, Salga. Ni da na saba zaman tabarma da allura, ƙafafuna suka tsage har na riƙa barin jini a kan duwatsu. Duk inda muka ya da zango Sambo ya kan shafa mini man shanu a faso yana zagina, wai Kaɗo ba ya iya komai sai ciniki da ci. In an tatsi nono, nawa yake fara ɗebowa. A bakin kogin Yeji na zauna na ce ba zan ƙara taku ɗaya ba. Ya ɗauke ƙunshina ya ɗora a kan nasa, ya ce, "Tashi, Nomau, inna naka tana jiran ka aiko mata goro." Na tashi. Har ya bar duniya bai san sunana na gaskiya ba.

Kumasi ƙasa ce da ba a ganin inda rana ke faɗuwa, itatuwa sun tsare. Ruwa na zuba kamar an manta da shi a buɗe. Wata uku na yi ban ga gero da idona ba, sai rogo da ayaba da dokunun masara mai tsami. In na tuna furar Inna, da yadda Yaya yake ɗaga ludayi ya ce in fara sha don ni ne ƙarami, sai in ture abincin gefe. Amma ban rubuta wasiƙa ba. Me zan ce? Kuma da wane suna zan sa hannu?

A zangon Hausawa na sami wani dillali da ake kira Baba Tanko, ya ba ni hayar keken ɗinki. Wurin zama kuwa wata Ba'asantiya mai sayar da atamfa ta ba ni, Mama Afuwa, a ƙarƙashin rumfarta, ba ta karɓi ko sisi ba. Ta ce duk wanda ya sayi zane a wurinta zai ɗinka a wurina, kowa ya ci. Ita ce ta gaya mini dokar garin: duk mai sana'ar kansa, wanda ba ya ƙarƙashin wani ubangida, dole a rubuta shi a littafin ofishin gari, a ba shi lasin, ya riƙa sabuntawa kowace shekara, ban da harajin kai da su suke ce wa lampo. Mai aikin albashi akan cire masa tun kafin kuɗi su shigo hannunsa, amma mai keke shi zai kai kansa. Ta rufe rumfarta da hantsi ta raka ni har ofis. Akawu ya nemi takardata, na ba shi kardanten Yaya, ya rubuta Nomau ɗan Arzika, tela.

Da muka fito ta riƙe mini hannun riga ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Nomau, ka ji ni. Ka biya da hannunka, ka karɓi takarda da hannunka. Kada ka aiki kowa."

Shekarar farko na yi yadda ta ce. Ta biyu Baba Tanko ya zo ya zauna a kan bencina yana tauna goro.

"Ɗana, an ce kai da kanka kake zuwa ofis kana bin layi da masu tallan gawayi?"

Na ce haka ne, Baba.

"Ai shi ya sa baƙo ba ya tara komai. Ina da mutum a ciki. Ka ba ni rabi, in kawo maka takarda har nan, ƙafarka ba ta sauka daga keke ba."

Na san abin da Mama Afuwa ta faɗa, amma son banza da ya kai ni caca a Gazawa bai tsaya a Gaya ba, ya ƙetaro tare da ni. Shekara uku ina ba shi rabi yana kawo mini takarda mai hatimi. Da abin da na rage na sayi keken kaina, baƙi mai zanen zinariya, na riƙa goge shi da gefen rigata kamar ɗan fari.

Cikin waɗannan shekaru labari ya zo cewa ƙasarmu ta sami ƴanci. Mutanenmu na zango suka yanka rago, aka yi kiɗa. Na leƙa daga nesa na koma, don kada wani ɗan Agiye ya ji ana ce mini Nomau.

Ran da masu duba lasin suka shigo layinmu, na miƙa takarduna ina murmushi. Babbansu ya ɗaga ɗaya ya haska da rana, ya kira na biyu, suka yi dariya. Hatimin na bogi ne. A littafinsu Nomau bai biya komai ba shekara uku. Suka ce in kawo na baya da tara kafin wata ya ƙare, in ba haka ba a ɗauke keken a kai ni kurkuku. Mama Afuwa ba ta ce mini ta gaya mini ba. Ta dai juya ta ci gaba da ninke atamfa, wannan ya fi mini zagi ciwo. Na je wurin Baba Tanko, ya rantse shi ma cutarsa aka yi.

A cikin wannan wata Sambo ya iso da shanu kamar yadda ya saba kowane rani, amma a wannan karon a kan jaki aka shigo da shi. Tari ya cinye shi. Na kwantar da shi a ɗakina, na nemo nono da tsada, bai iya haɗiya ba. A rana ta shida da hantsi ya ce, "Kaɗo, in na tafi ka aika Gidan Sori, ka ce Sambo na Jauro Bello ya kwanta Kumasi. Kada inna ta yi ta duban hanya." Na ce na ɗauka. Kafin azahar ya cika.

Ba a binne mutum a garin sai ofis ya ba da izini, ofis kuwa takarda yake tambaya. Sambo ba shi da ko ɗaya, makiyaya ta daji suke bi. Baba Tanko ya ja ni gefe.

"Ga gawa babu takarda, ga takarda mai bashi. Matacce ba ya biyan lasin, ɗana. Ka ba ni kardanten nan in kai. A rubuta Nomau ya mutu, a rufe shafinsa. Gobe ka ɗauki kekenka ka sauya gari."

Na ce, "Baba, mai sunan nan yana da rai. Yayana ne."

"Yana ina?"

"Gida."

"To mi littafin Kumasi zai yi wa mutumin da ke Agiye? Kafin labari ya ƙetare kogi uku ai ya jiƙe."

Babu wanda ya matsa mini. Na dubi keken, na ciro kardanten na ba shi. Waɗanda suka yi wanka da salla sun san Sambo suka binne. Ofis ya rubuta Nomau. Gidan Sori kuwa ban aika ba, domin in na aika magana za ta fito.

Na gudu Takoradi, bakin teku, ban ko yi wa Mama Afuwa sallama ba. Can na koma Shaibu, amma Shaibu marar takarda, wanda ba zai iya shiga ofis a rubuta shi ba. Na cire kan keken na riƙa ɗaukarsa a ka ina bin lunguna, ina kaɗa almakashi don mata su ji su fito da tsumma. In na hango mai kakin gwamnati sai in shige bayan gida in tsaya kamar ɓarawo. Wanda ba ya cikin littafi ba ya kai ƙara. Sau da yawa na yi ɗinki an hana ni kuɗi, an ce in je in kira ɗan sanda. Shekara uku haka, gashin tsakiyar kaina ya zube saboda ƙarfe.

Wata Juma'a bayan an sauko, wani mai fataucin goro ya tsaya yana kallon askata. Mutumin Gazawa ne.

"Kai ba ƙanen Gawa ba ne?"

Na ce wace gawa?

"Nomau mana. Mataccen da ke noma. Duk kasuwar Agiye haka ake ce mishi."

Shi ya gaya mini abin da ban yi tunani ba. Al'adar zango ce, in baƙo ya mutu, ofis ya mayar da takardunsa ga magatakardan sarkin zango, shi kuma ya ba matafiyi na farko mai zuwa ƙasar mamacin. Haka kardanten Yaya ta koma gida da jan hatimi a kanta, ta shiga buro, wato ofishin gwamnati, aka ja layi a kan sunansa a littafin ƙidaya. Da farko dariya aka yi. Mai gari ma ya ji daɗi, kai ɗaya ya ragu a cikin waɗanda zai tara wa lanho. Amma yanzu wani ɗan baffanmu ya kai ƙara yana neman gonar gadonmu, ta gefen fadama, wadda duk gidan ke ci daga gare ta. Ya ce babba ya mutu, ƙarami ya ɓace. Nomau ya je gaban sufurefe, mai mulkin yankinmu, an ce matacce ba ya shari'a. An ba da wa'adi zuwa faɗuwar damina.

Keken da na binne sunan yayana dominsa, shi na sayar na yi kuɗin mota. Bai ma kai ni gida ba. Tunda ba ni da takarda, kowace iyaka sai in sauka in zagaya ta daji, daga Dogon Dutse kuwa rabi a bayan amalanke na yi, rabi da ƙafa.

Na iso washegarin ruwan farko. Na sami Yaya a gona yana saran shuka da sungumi, matarsa na bin bayansa da iri. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi kaina da babu gashi, ya ce, "Shaibu. Ka sha ruwa?"

Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ne na..."

Ya ce, "Na sani tun ran da na duba jaka. Tashi, ƙasa na bushewa. Karɓi ƙwaryar irin nan."

Na bi bayansa ina zuba gero ina rufewa da diddige har la'asar. A gida na tarar Inna ta rasu shekara biyu da suka wuce. Matar Yaya ce ta gaya mini cewa shekarar da na tafi, gardi, dogaran gwamnati, sun zaunar da shi a rana a ƙofar mai gari wuni guda don ba shi da takardar da zai nuna, sai da ya sayar da jakinsa ya sake biya. Shi bai taɓa ambata mini ba. Abin da ya yi kawai, bayan mun ci tuwo ya ɗauko wani gwangwanin shayi ya buɗe. Takardun lanho ne a ninke, na kowace shekara tun da na tafi, duka da sunana.

Ya ce, "Mai gari ya ce in bari a share ka, in huta. Na ce a'a. Wanda aka share ba ya dawowa."

Ranar shari'a muka je buro tare. Sufurefe ɗan ƙasa ne, ba Bature ba, da Hausa ya yi mana magana. Ya jera takarduna a tebur ya ga babu shekarar da ta faɗi. Ya ce ga magaji a raye, yana cikin littafi, yana biya, gona tasa ce. Ɗan baffanmu ya fita yana gunaguni. Sannan sufurefe ya juya ga Yaya.

"Kai kuma, malam, ina ganinka da idona, amma littafi ya ce an binne ka a Kumasi. In akwai wanda ya san yadda kardantenka ta je can, ya faɗa, a rubuta, in mayar da kai yau ɗin nan. Sai dai wanda ya ɗauke ta zai kwana a kaso, don laifi ne babba."

Bakina ya buɗe, na tuna kurkukun da na guje wa a Kumasi, ya rufe. Yaya bai dube ni ba.

Ya ce, "Ɓata ta yi, ranka shi daɗe. A kasuwa."

Sufurefe ya ce to sai an kawo shaidu biyu da suka ga wanda aka binne. Ya san babu, mu ma mun sani. Aka rubuta gona da sunana.

A hanyar komawa na ce, "Yaya, bayan girbi zan dawo in faɗi gaskiya."

Ya ce, "Bari, Shaibu. Gero bai san sunan mai shi ba."

Gero bai sani ba, amma buro ya sani. Da aka zo rabon irin gyaɗa na gwamnati, ni na dangwala yatsa, Yaya yana tsaye a waje. Ya daɗe yana tara awaki don ya sauke farali, aka ce babu fasfo ga wanda babu shi. Da babban ɗansa ya isa shiga lakol, malamin lakol ya ce ba za a rubuta yaro ɗan mutumin da ya mutu kafin a haife shi ba, aka rubuta shi ɗan Shaibu. Har yau haka yake a takardunsa, shi da ƙannensa. Kowace kaka sai in ce bana zan je buro in faɗi gaskiya. In na ɗauki hanya sai in tsaya a kasuwa in sayi zare in dawo. Sau ɗaya na je har Gidan Sori neman rugar Jauro Bello, aka ce sun tashi tun shekarar da rijiyarsu ta ƙafe, ba a san inda suka nufa ba. An dai tuna wata tsohuwa da ta riƙa tare masu dawowa daga kurmi tana tambaya.

Damina biyar muka yi tare. A ta shida zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kwana huɗu ya rasu, kansa a kan cinyata. Bayan sadakar bakwai na sa riga na tafi buro in sanar, kamar yadda doka ta ce. Sakataren sabo ne, matashi. Ya buɗe littafi ya bi da yatsa.

"Baba, wannan ai ya daɗe da rasuwa. Ga layi nan."

Nan na faɗa masa duka, tun daga Gaya har Takoradi. Na ce a kira jandarma, na shirya. Ya saurare ni har ƙarshe, ya rufe littafin a hankali.

"To Baba, mi kake so in rubuta? Ka ce ya mutu, littafi ya ce ya mutu. Babu abin gyarawa."

Na fito na zauna a gindin bedin ƙofar buro har inuwa ta juya. Babu wanda ya kama ni.

Tunda littafin gwamnati ya ƙi, ni na rubuta a nawa, duk wanda ya karanta ya zama shaida. Wanda ke kwance a maƙabartar zangon Kumasi Sambo ne na Jauro Bello, makiyayi, mutumin Gidan Sori. Nomau ɗan Arzika bai taɓa ƙetare Gaya ba. Ya yi noma a gonar ubansa har ƙarshen kwanansa, ya biya wa ƙanensa lanho shekara takwas, kuma yaran nan huɗu nasa ne. Allah ya jiƙansu su biyu. Ni kuma, wanda ya iya, ya roƙa mini gafara.